Shin laifi ne in ji tausayin dodon Frankenstein?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Turanci, an ba mu littafin Frankenstein na Mary Shelley a wannan zangon. Cikin kwana huɗu na gama shi, kuma abin da ya dame ni shi ne na fi jin tausayin dodon a kan Victor da ya yi shi, har sai da na yi ƙwalla a ƙarshe. To amma dodon nan ya shaƙe ƙaramin yaro, ya kashe amarya a daren aurenta. Ƙawata ta ce duk mai tausayin mai kisa ya manta da waɗanda aka kashe. Shin marubuciyar ce ta yaudare ni? Kuma tsakani da Allah, wa ke da alhakin abin da ya faru?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya a dunƙule: ko tausayin da kika ji yana da tushe a cikin littafin ko kuwa daɗin baki ne ya kwashe ki, sannan in za a raba alhakin rayukan da suka salwanta, nawa zai hau kan Victor, nawa zai hau kan wanda ya haɗa. Shekaru da dama ina koyar da wannan littafi, kuma ban taɓa samun ajin da bai rabu biyu a kansa ba, kamar yadda kuka rabu ke da ƙawarki. Bari in faɗi matsayina tun da wuri domin ki riƙa auna hujjojina da shi. Tausayinki yana kan hanya, marubuciyar da gangan ta gina shi. Ƙawarki ma ta riƙe wani abu da bai kamata ki bari ya suɓuce miki ba. Akwai kuma wata yarinya a littafin da ba ki ambata ba, Justine, kuma a wurinta nake ganin amsar take kwance.

Sai mu fara gyara kalmomi, don suna canza yadda ake jin labarin. A Turanci ana kiran Victor da sunan da in aka juya shi kai tsaye zai zama "mahalicci", kuma bakin Bahaushe ba ya sakin wannan kalma ga kowa sai Allah. Ni a aji nakan ce "wanda ya haɗa shi", domin abin da Victor ya yi ke nan: ya tattaro sassan jiki daga maƙabarta, da ɗakin feɗe gawa, da kwata, ya harhaɗa, bayan da labarin ya ce ya riga ya gano sirrin sa wa abu rai. Shi kuma wanda aka haɗa, kalmar "dodo" tana yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki. Dodon tatsuniya yunwa ce ke tafe da shi, ba ya karatu, ba ya kuka don kaɗaici. Na fi son in kira shi "taliki". Ki lura kuma har littafin ya ƙare ba shi da suna. Frankenstein sunan gidan su Victor ne. Mu da muke tara dangi ran bakwai don a raɗa wa jinjiri suna, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan abin da rashin suna yake nufi.

Inda littafin ya fito

Irin wannan adabi na ban tsoro, wanda ake kira gotik, ana ƙirga farkonsa a Ingila daga 1764, lokacin da Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto. Kayan aikinsa sanannu ne: tsofaffin gidajen sarauta, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, fatalwa, la'anar da kakanni suka bar wa jikoki. A can abin tsoro daga zamanin da ya shuɗe yake zuwa, daga kabari ko daga tsohon zunubi. Mary Shelley ta ɗauke shi daga nan ta kai shi ɗakin wani ɗalibin jami'a a Ingolstadt ta ƙasar Jamus, yaro ɗan gidan mutunci daga Jeniba, mai hazaƙa, wanda iyayensa suka nuna wa gata. Da zarar mutum ne ya yi abin tsoron da hannunsa, dole maganar alhaki ta taso.

Tana da shekara 18 ta fara rubuta shi, a bazarar 1816, a bakin tabkin Jeniba a Suwizalan, inda ita da Percy Shelley, mawaƙin da ta aura daga baya, suke ziyartar mawaƙi Lord Byron a gidan da ake kira Villa Diodati. Shekarar ce Turawa suke kira shekarar da ba ta da bazara, saboda tokar dutsen Tambora na Indunusiya da ya yi aman wuta a 1815 ta dagula yanayi. Ruwan sama ya tsare su a ɗaki, suna karanta labaran fatalwa, sai Byron ya ce kowa ya rubuta nasa. Littafin ya fito a farkon 1818 babu sunan marubuci, kwafi 500 kacal, sannan ta sake yi masa gyara mai yawa a 1831. Mai yiwuwa wannan na biyun ne a hannunki, don shi aka fi bugawa.

A zamanin maganar farfaɗo da matacce da lantarki tana yawo a bakin masana. Luigi Galvani ya nuna ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in an taɓa ta da lantarki, kuma a 1803 ɗan'uwansa Giovanni Aldini ya gwada hakan a Landan a kan gawar wani da aka rataye, har muƙamuƙinsa ya motsa, ido ɗaya ya buɗe. Amma abin da ya fi tsaya min a rai daga rayuwar marubuciyar ya fi wannan kusa da gida. Mahaifiyarta, Mary Wollstonecraft, ta rasu a 1797 kwanaki kaɗan bayan ta haife ta. Ita kanta a farkon 1815 ta haifi 'ya bakwaini, wadda ba ta yi sati biyu cikakku ba ta koma. A littafinta na ajiye abubuwan yau da kullum ta rubuta cewa ta yi mafarki jaririyar ta dawo, wai sanyi ne kawai ya kama ta, suka murza ta a gaban wuta ta rayu. Ba na son a mayar da littafi tamkar takardar asibitin marubucinsa, amma wadda ta yi wannan mafarkin ta san me ake nufi da kawo rai duniya, da kuma rashin wanda zai rungume shi.

Daren Nuwamba

Amsar da aka fi ba ɗalibai ita ce laifin Victor shi ne shiga hurumin Ubangiji. Wannan karatu yana da madogara. Ƙaramin taken littafin yana kwatanta Victor da Prometheus, wanda a tatsuniyar Girkawa ya sato wuta ya ba mutane aka azabtar da shi. A gabatarwar 1831 ma Mary Shelley da kanta ta ce duk yunƙurin ɗan'adam na kwaikwayon aikin Mahaliccin duniya abin firgici ne matuƙa. Mai karatu Musulmi ko Kirista zai ji wannan a jikinsa ba tare da an tuna masa ba, ni ma ina ji. Sai dai in nan kaɗai aka tsaya, babi na biyar ya ishe mu, sauran babi goma sha tara ba su da aiki.

Ki koma babi na biyar ki karanta a hankali. Victor ya shafe kusan shekara biyu yana wannan aiki, ya daina rubuta wa gida wasiƙa, ya rame. Shi ya zaɓi ya yi talikin mai tsawon ƙafa takwas, kuma dalilinsa shi ne ƙananan sassan jiki suna rage masa sauri. Wato girman da ya sa kowa ke gudun talikin daga baya, gaggawar Victor ce ta jawo shi. Da ƙarfe ɗaya na dare, ana yayyafi, kyandir ya kusa ƙarewa, idon nan rawaya ya buɗe. A wannan lokaci talikin bai yi wa kowa komai ba. Numfashi ya ja, gaɓoɓinsa suka motsa. Victor ya dube shi, ya ga muni, ya fice da gudu zuwa ɗakin kwanansa.

Abin da ya biyo baya nakan karanta wa ɗalibai shi da babbar murya kowace shekara. Victor ya farka daga mummunan mafarki, sai ya ga talikin ya ɗaga labulen gadonsa, yana kallonsa, bakinsa yana fitar da wasu sautuka marasa ma'ana, kumatunsa sun yamutse kamar mai murmushi, ya miƙo hannu ɗaya. Victor ya ce wai don ya tsare shi ne, ya zille ya sauka tsakar gida ya kwana a can. Wata shekara, bayan na gama karanta wurin, wata ɗaliba babba, uwar 'ya'ya da ta dawo ƙaro karatu, ta ɗaga hannu daga bayan aji ta ce, "Malam, ai wannan jinjiri ne yake neman a ɗauke shi." Ajin ya yi tsit. Na daɗe ina bayanin wurin da manyan kalmomin nazari, ban taɓa kai inda ta kai da jimla ɗaya ba.

Washegari da Victor ya dawo tare da abokinsa Henry Clerval, ya leƙa ɗakin ya ga babu kowa, sai ya tafa hannu don murna. Bai tambayi kansa ina talikin ya nufa cikin sanyin Nuwamba ba, ko me zai ci, ko wa zai haɗu da shi a hanya. Ya kwanta ciwo watanni, Clerval ya yi jinyarsa, ya warke, ya koma karatun harsuna da yawon shan iska. Kusan shekara biyu bai nemi abin da ya saki cikin duniya ba. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Victor ya yar da nasa tun bai ruɓe ba.

Yadda aka gina tausayinki

Kin tambaya ko an yaudare ki. Ki dubi yadda aka jera labarin. Kyaftin Robert Walton yana rubuta wa 'yar'uwarsa wasiƙu daga tekun ƙanƙara na ƙarshen arewa, cikin wasiƙun Victor yana ba da labarinsa, cikin labarin Victor kuma, a tsakiyar littafin, talikin ya karɓi magana har babi shida da bakinsa. Kafin nan ta idon Victor kaɗai muke ganinsa: shaiɗani, ƙazami, maƙiyi. Sai ga shi a kan ƙanƙarar tsaunuka kusa da Chamonix yana magana da hankali da fasahar da ta fi ta Victor.

Kuma me ya faɗa? Yadda ya fara gane haske da duhu, yadda ya tsinci wuta ya sa hannu ta ƙone shi, yadda mutanen wani ƙauye suka kore shi da duwatsu. Ya ɓuya a wani ɗan akurki da ke jingine da gidan iyalin De Lacey, Faransawa da aka koro zuwa Jamus: tsoho makaho, da ɗansa Felix, da 'yarsa Agatha. Wajen shekara guda yana leƙensu ta wata 'yar kafa. Da ya gane cewa abincin da yake ɗiba yana ƙara musu yunwa, sai ya daina, ya koma cin 'ya'yan itace da saiwoyi. Da dare yakan yi musu itacen girki ya tara a ƙofa, ya share musu ƙanƙara daga hanya. Ya koyi magana da karatu ta hanyar sauraron darasin da Felix yake ba Safie, 'yar wani ɗan kasuwa Baturke. Ya tsinci littattafai uku a daji, cikinsu har da waƙar John Milton a kan Adamu da fitarsa daga Aljanna, ya karanta ta a matsayin tarihi na gaskiya, ya ga Adamu yana da mai kula da shi da abokiyar zama, shi ba shi da ko ɗaya. Mafi ciwo, a aljihun rigar da ya ɗauko daga ɗakin Victor ya sami takardun da Victor ya rubuta yana aikin haɗa shi, ya karanta irin ƙyamar da aka yi masa tun kafin ya san kansa.

Ranar da ya yi ƙarfin hali ya shiga wurin tsohon shi kaɗai, makahon ya saurare shi, ya ce ba ya iya ganin fuskarsa amma akwai abin da ke cikin maganarsa da ya gamsar da shi cewa mai gaskiya ne. Sai masu ido suka shigo. Agatha ta suma, Safie ta gudu, Felix ya rufe shi da duka da sanda. Yana da ƙarfin da zai yayyaga Felix, bai yi ba. Bayan haka ya ceci wata yarinya daga kogi, mutumin da ke tare da ita ya harbe shi a kafaɗa.

Duk wannan Mary Shelley ta shimfiɗa shi ne don ki ji abin da kika ji. Mahaifinta William Godwin, wanda ta sadaukar wa littafin, yana cikin masu ganin cewa halin mutum daga abin da ya tarar da yadda aka riƙe shi yake ginuwa. Percy Shelley ma ya rubuta a sharhinsa kan littafin cewa darasinsa shi ne in ka wulaƙanta mutum zai zama mugu. Abin da ya sa mutane da yawa suke mamaki in sun karanta shi ne fim ya riga littafin isa gare su. Tun a wasan dandamali na 1823 aka mayar da talikin bebe, kuma fim ɗin Amurka na 1931 da Boris Karloff ya fito a ciki ya ƙara da cewa ƙwaƙwalwar wani mai laifi aka sa masa bisa kuskure. Wannan ƙarin yana sauke wa Victor kaya, don ya mayar da muguntar abin da aka zo da shi. A littafin babu wannan.

Iyaka ɗaya ya kamata in nuna miki a nan. Yawancin wannan labari daga bakin talikin kaɗai muka ji shi, yana ba da shi ne ga mutumin da yake son ya shawo kansa, kuma Victor ya gargaɗi Walton cewa talikin gwanin magana ne, kada ya yarda da shi. Akwai kwafin wasiƙun Felix da Safie da suka tabbatar da wani ɓangare. Shi ma Victor ɗin ya karɓi rubutun Walton ya yi masa gyare-gyare da ƙari. Kowa a littafin nan yana kare kansa ne.

Justine

Yanzu ga inda ƙawarki take da gaskiya. Lokacin da talikin ya kama William, ƙanin Victor, niyyarsa ta farko ita ce ya raine shi ya zama abokinsa, tunda yaro ne bai koyi ƙyama ba tukuna. Yaron ya yi ta ihu yana zaginsa, ya ambaci sunan mahaifinsa. Jin sunan Frankenstein, talikin ya ce kai ne na farko, ya shaƙe shi. Sannan, da bakinsa ya faɗa, zuciyarsa ta cika da murnar nasara, ya tafa hannu a kan gawar yaron. Ki haɗa wannan tafi da na Victor a ɗakin da ya tarar babu kowa. Ban ɗauka haɗuwar ta zo da katsaham ba.

Ko da wani zai ce kisan William fushi ne ya kwashe shi, abin da ya yi wa Justine Moritz da tunani ya yi shi. Yarinya ce da uwarta ba ta ƙaunarta, gidan Frankenstein suka ɗauke ta tana da shekara 12, tana yi musu aiki, ta yi jinyar mahaifiyar Victor, tana son William kamar ɗanta. A bugun 1831 talikin ya same ta tana barci a wata rumfar ajiyar ciyawa bayan ta gaji da neman yaron. Ya ɗauki ɗan hoton da ya cire daga wuyan William ya sa mata a tufafi, yana sane da cewa dokar mutane za ta kashe ta, don ya koyi yadda dokar take daga darussan Felix. Ba ta taɓa ganinsa ba balle ta kore shi. Laifinta a wurinsa shi ne in da ta farka da ta yi ihu kamar sauran. Wato ya yi mata hukunci a kan abin da ba ta riga ta aikata ba, daidai abin da aka yi masa a daren Nuwamba.

Victor kuma fa? Ya iso Jeniba, ya hango talikin cikin walƙiya kusa da inda aka yi kisan, ya tabbata a ransa wanda ya yi. Ya zauna a kotu yana sauraron shari'ar. Elizabeth, wadda Victor zai aura, wadda ba ta san komai ba, ta miƙe ta yi magana don kare Justine a gaban jama'ar da suka riga suka yanke hukunci. Victor da ya san komai bai ce uffan ba. Hujjarsa ita ce za a ɗauke shi mahaukaci. Wataƙila haka ne, amma ai ko ba a yarda da shi ba, da ya gwada, kuma abin da zai yi asara sunansa ne, ita kuwa wuyanta. Limamin coci ya matsa wa Justine da barazanar wuta har ta amsa laifin da ba ta yi ba, aka rataye ta. A tsakiyar wannan duka Victor yana gaya mana cewa azabar wadda ake tuhuma ba ta kai tasa ba, don ita tana da rashin laifi da zai riƙe ta. Duk lokacin da na zo wannan jimla raina yakan ɓaci kamar yau na fara ganinta.

Nakan ba ɗalibai 'yar takarda in ce kowa ya rubuta wa ya kashe Justine. Waɗanda suka fi tausayin talikin sukan rubuta Victor, masu tsanarsa su rubuta talikin, wasu su ce alƙalai ko limamin. Sai in tambayi kowane rukuni: in an cire wanda kuka rubuta, sauran sun wanku? Ba a taɓa samun wanda ya ce e ba. Alhaki a nan ba tuwo ba ne da in wani ya ɗibi da yawa rabon wani zai ragu. Talikin yana ɗauke da nasa cikakke, don a lokacin yana da hankali, ya karanta tarihin mutanen kirki, ya san kyau da muni, ya taɓa zaɓar alheri a gidan De Lacey, saboda haka zai iya sake zaɓa. Victor ma yana ɗauke da nasa cikakke, na yasarwa da na shiru. Karin maganar da ke cewa ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba, uban da ya yi tarbiyya ta ƙi ne yake da ikon faɗarta. Wanda ya gudu a daren haihuwa ba shi da wannan bakin.

Inda al'amarin ya yi wuya

Wuri ɗaya ne nake jin ba zan iya ɗora wa Victor laifi kai tsaye ba. Talikin ya roƙe shi ya haɗa masa mace irinsa, ya yi alkawarin za su tafi dazukan Kudancin Amurka ba za a sake ganinsu ba. Victor ya ce a wannan haɗuwar tasu, tun kafin ya saurari labarin, ne karo na farko da ya ji cewa akwai haƙƙin talikin a kansa, kuma ya kamata ya faranta masa kafin ya yi kukan muguntarsa. Ya amince, ya tafi wani tsibiri a Orkney ta arewacin Sikotilan ya fara aiki. Da aikin ya yi nisa sai ya tsaya tunani: ita wannan ba ta yi alkawarin komai ba, tana iya ƙin talikin, tana iya fin shi mugunta, suna iya hayayyafa. Waɗannan tambayoyi ne na gaske, kuma su ne ya kamata ya yi tun a Ingolstadt. Za a kawo wata rai duniya don ta zama maganin kaɗaicin wani, ba a tambaye ta ba. Masu nazari sun rabu a kan wannan wuri, ni kuma ina ganin ƙin da ya yi yana da hujja.

Yadda ya yi shi ne ba shi da hujja. Ya yayyaga jikin a gaban idon talikin da ke leƙe ta taga, bai ba shi wani abu a madadi ba, ko zama da shi, ko saurarensa. Da talikin ya ce zai kasance tare da shi a daren aurensa, Victor ya ɗauka shi za a kashe, don har yanzu kansa kaɗai yake gani. Talikin ya kashe Clerval a gaɓar Ayalan, duk da haka bai gaya wa Elizabeth gaskiya ba, ya ce sai washegarin aure. A daren ya tura ta ɗaki ita kaɗai, yana zagaye da bindiga. Sai bayan ta mutu, baƙin ciki ya kashe mahaifinsa, sannan ya je gaban majistare ya faɗi komai. Majistaren ya saurare shi da natsuwa, ko da yake bai yi wani abin kirki a kai ba. Ashe dai ana iya faɗa.

Kada ki ce Victor ba ya nadama. Yana yi, har yakan ce da hannunsa ya kashe William da Justine da Henry. Amma ki lura da abin da yake nadama a kai: ba wa talikin rai. Ban ga inda ya yi nadamar gudun da ya yi ba. A kan gadon mutuwarsa cikin jirgin Walton ya amsa cewa ya samar da mai hankali kuma wajibi ne a kansa ya kula da jin daɗinsa iyakar iyawarsa, sannan ya ce ya binciki abin da ya aikata a baya bai ga abin zargi ba. Talikin kuwa, a kan gawar Victor, ya ce gaskiya ne shi abin ƙyama ne, ya kashe kyawawa da marasa ƙarfi, ya shaƙe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

In kika karanta sauran littattafan wannan layi za ki ga bambancin. A Dracula na Bram Stoker, 1897, mafarautansa ne suke rubuta labarin, shi ba a ba shi babi ko ɗaya ba, ko da yake Mina, ɗaya daga cikin matan da ya cutar, ta roƙi mazan su tausaya masa. A labarin Dakta Jekyll da Mista Hyde na Robert Louis Stevenson, 1886, mai yi da abin da aka yi jiki ɗaya suke, saboda haka babu inda Jekyll zai gudu, kuma shi ma ya ce yana jin tausayin Hyde. Mary Shelley ce ta ba abin tsoron bakin magana mai tsawo, sannan ta ƙi ta wanke shi. Ni malamin adabi ne, hukuncin irin wannan a shari'a ko a fiƙihu na masu shi ne, abin da nake iya nuna miki shi ne abin da ke kan takarda.

Ki nuna wa ƙawarki shafukan ƙarshe ku karanta tare. Victor ya bar wa Walton wasiyyar ya kashe talikin in ya gan shi. Da Walton ya shiga ɗakin ya tarar da shi sunkuye a kan gawar yana kukan baƙin ciki, munin fuskar ya sa ya rufe ido ba da son ransa ba. Talikin ya nufi taga zai fita, sai Walton ya kira shi ya ce ya tsaya. Tausayi ya fara kama shi, sai ya dubi gawar abokinsa, ya ce wa talikin munafuki, ka jefa wuta a gidaje, da suka ƙone ka zauna cikin toka kana kuka. Bayan ya faɗi haka bai ɗauki makami ba, ya tsaya ya saurare shi har ya gama maganarsa, ya fita ta taga ya hau ƙanƙara igiyar ruwa ta tafi da shi cikin duhu.